Shekarar da Tumatirin Baba Ya Koma Kauɗa

Ummi, gajiya ce ta sa na zauna rubuta miki wannan. Ranar sunan ɗan maƙwabciyarmu Larai na ji wata mata, wadda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, tana faɗa wa ta kusa da ita wai ai ni ce wadda ta kai ƙarar gonar ubanta wajen 'yan boko saboda an ba ta farar riga. Kina goye a bayana a lokacin. Na juya na ce ta maimaita, ta ce ita ba da ni take ba. Ƙarya take yi, da ni take. Nan da shekara goma kunnenki zai fara tsintar irin wannan, kuma ba na so ki fara jin labarin uwarki daga bakin masu cin shinkafar suna. Ga yadda aka yi. Inda na yi laifi zan faɗa, inda aka yi mini zan faɗa, ba wanda zan shafa wa hoda.

Bayan na gama sakandare ina zaune a gida, sai wata mata mai suna Dakta Binta ta zo daga jami'a ta kama hayar gida a bakin titi, tsakanin Kura da Kadawa, ta mayar da shi ɗakin bincike. Tana neman yarinyar da ta iya karanta rubutun jikin kwalba, ta kuma san hanyoyin kanal, wato magudanan ruwan noman rani. Aka kai ni. Mu uku ne a gidan: ita, ni, da mataimakinta Malam Nasiru, mutum mai dogon gashin baki da son a ce ya san abin da wasu ba su sani ba. Aikina wankin kwalabe ne, da ɗebo ruwan kanal, da ɗora albasa a bakin kofi har ta fitar da saiwa a cikin ruwan da na ɗebo. Ran farko Dakta ta tsare ni da tambaya.

"Hindatu, kin san ƙwayar halitta?"

"An zana mana a allo. Kamar bulo."

"Kin taɓa ganinta da ranta?"

"Dakta, madubin da ake ganinta da shi a makarantarmu yana ofishin shugaba a cikin kwalinsa. Shekara shida kwalin muke gani."

Ta yi dariya, ta yanko bakin saiwar albasa siriri kamar gashi, ta ɗora a ɗan fallen gilashi, ta ce in sa ido a madubin nan mai ƙara girman abu. Na ga ɗakuna a jere, kowanne da katangarsa. Kuma a cikin kowane ɗaki akwai abin da ke tafiya, yana zagayawa a hankali kamar ruwa a kwamin shinkafa. Albasar da nake yankawa kullum ina hawaye, ashe gari ne guda da zirga-zirga a ciki. Na fi minti ashirin a tsaye sai da ta janye ni.

Abin da take haɗawa rini ne, amma ba irin na marina ba, mai kama duk abin da ya taɓa. Ta ce sharaɗi uku take nema. Ya ratsa katanga ya shiga cikin ƙwayar. Kada ya kashe ta, domin gawa ba ta ba da labari. Sannan ya zauna a ciki shiru babu haske, sai in ya gamu da gubar maganin feshi, nan ne zai kama haske shuɗi in an haska masa wata fitila mai launin makuba. Ta yi shekaru tana fama. Wani ya shiga ya kashe ƙwayar. Wani yana haske ko da guba ko babu, kamar mutumin da kullum yake ihun ɓarawo. Wani ya tsaya a waje ya ƙi shiga. Sai ta sauya masa wani ɗan reshe a jikinsa, ta sake gwadawa. Wanda muke kai a lokacin na sha ɗaya ne, haka ma muke kiransa, Sha Ɗaya. Na gan shi yana aiki da idona: ta ɗiga maganin feshi da gangan a kofin albasa, muka ja baƙin labule, cikin kowane ɗaki ya cika da shuɗin haske kamar hayaƙi a rufaffen kicin. Ina son aikin nan, Ummi. Ki riƙe wannan. Ban taɓa son wani abu a duniya kamarsa ba sai da aka haife ki.

Doka ɗaya ce Dakta take maimaitawa har ta ishe ni. Kwalbar ɗebo ruwa ana wanke ta da wani ruwa mai ƙona hannu, a ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, a busar a tanda, a rufe.

"Kada komai ya taɓa cikinta. Ko yatsanki. Ko numfashinki in da hali."

Wata Laraba ta ce gobe ruwan reshenmu take so, wato ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonar Baba da ta maƙwabta biyar. Tunda a bayan gidanmu yake, na ce zan tafi da kwalaben gida in ɗebo da sassafe, ba sai na yi zuwa biyu ba. Kwalabe shida, a leda. Na ajiye su a gindin randa na shiga sabgata.

Kin san kakarki Inna, wadda kika ci sunanta. Matar da in maƙwabciya ta aiko da kwano, ko a wanke yake sai ta sake wankewa kafin ta mayar. A wajenta abin kunya ne kaya su fita daga gidanta zuwa hannun baƙo ba su ƙyalli. Da safe na fito na tarar da kwalabena shida a kife a kan faranti, a buɗe, rana tana dukansu, suna ƙamshin garin sabulu.

"Inna! Wa ya taɓa waɗannan?"

"Ke wannan, rage murya, ubanki yana lazimi." Ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Na ga sun yi wani dishi-dishi. Haka za ki kai wa matar mutane? Ta ce daga wane gida kika fito?"

"A wanke suke, Inna!"

"To yanzu sun ƙara wankuwa. Sau biyu na ɗauraye."

Ga laifina na farko, kuma nawa ne ni kaɗai. Na san doka, Inna ba ta sani ba. Abin da ya kamata shi ne in hau mashin in koma in karɓo wasu kwalaben. Amma rana ta fara ɗagawa, ina jin kunyar in ce na bar kayan aiki a gindin randa, kuma ni ba na iya jira, tun ina yarinya. Na ce a raina sabulu dai ai tsafta ne. Na ɗauraye su da ruwan kanal, na cika, na rufe, na kai. Ban faɗa wa Dakta ba.

Ranar Litinin saiwar ta fito. Dakta ta yanka, ta ɗiga Sha Ɗaya, muka ja labule. Ruwan sauran rassan da muka gwada a baya duk ɗan haske ne kaɗan, sai ka ƙura ido. Na reshenmu kuwa ya kama kamar an kunna fitilar mota. Malam Nasiru ya dafe kai yana salati. Dakta ta gwada duka shidan, duka haka.

"Wannan gwaji ɗaya ne," ta ce. "Ba sakamako ba ne. Kada in ji maganar nan a waje. Nasiru, da kai nake."

"Haba Dakta, ni yaro ne?"

La'asar ba ta yi ba ya zauna a teburin mai shayi, inda direbobin tumatir suke taruwa, ya ce shi dai da za a ba shi tumatirin reshen Malam Garba kyauta ba zai ci ba, kuma kar a tambaye shi dalili. Malam Garba shi ne Baba.

Tumatir ba ya jiran kowa. In ya nuna yau, jibi ya fara laushi, gata ya fashe. Makon nan ne tsinka ta biyu, wadda ta fi kowace yawa, kuma a kanta gidanmu yake dogara har damina. Ran Talata Baba da ma'aikata suka tsinke tun sanyin safiya, suka jera kwanduna a bakin hanya, aka rufe da ciyawa. Alhaji Ɗanlami, dillalin da ya shekara goma sha yana ɗaukar kayan Baba, ya zo da motarsa. Ina tsaye zan tafi aiki. Ya ɗaga ciyawa, ya duba, ya mayar.

"Malam Garba, kaya sun yi kyau, wallahi. Amma ni Legas nake kaiwa. In aka ce akwai guba, sunana ne."

"Wace guba, Alhaji? Feshin da kowa ke yi shi na yi. A shago ɗaya muke saye da wanda za ka je ka ɗauka yanzu."

"Ni ma haka na ce. Amma likitoci sun auna. Ga 'yarka nan, ita ta ɗebi ruwan da hannunta, ko ba haka ba, 'yan mata?"

Baba ya juyo ya kalle ni. Bai san ma na ɗebi ruwan reshenmu ba. Motar ta wuce gaba ta yi lodi a reshen da ke kusa, wanda ruwansa daga babban kanal ɗaya yake fitowa da namu. Sauran dillalai suka bi sahu. Gida shida, ba wanda aka ɗaukar wa ko kwando ɗaya. Wani dillali ya ce zai taimaka ya ɗauka, a farashin da ko kuɗin kwandon bai kai ba. Ka ce akwai guba, kuma ka ce za ka saya in an karya. To gubar tana ragewa ne in an rage kuɗi?

Haka na wuce aiki ranar. Na buɗe hotunan saiwar reshenmu da Dakta ta ɗauka a kwamfuta ina kallo, sai na lura da abin da murna ta hana manya gani. Hasken ba a cikin ɗakunan yake ba. A jikin katanga yake, layi-layi kamar ragar kifi, cikin kuwa duhu. Wanda na gani ranar da aka ɗiga feshi da gangan ba haka yake ba. Na shiga ɗakin labule ni kaɗai na kunna fitilar makuba, na miƙa hannu zan ɗauki gilashi, sai bakin farin hijabina ya faɗa cikin hasken. Ya kama shuɗi, shuɗin nan sak. Inna ce take wanke mini hijabi, da garin sabulun nan.

Laifina na biyu ya fi na farko muni: na kwana biyu da sanin nan a cikina. Laraba da Alhamis ina zuwa aiki ina dawowa, ina wuce kwandunan Baba a bakin hanya, ruwa ya fara ɗiga daga gindinsu, ƙuda ya taru. Tsoron rasa aiki nake yi. Ba wani dalili mai kyau a ciki, kar ki nema mini. Ran Juma'a da safe na ga Baba ya durƙusa yana zaɓe ruɓaɓɓu yana jefawa a rami, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron ya ji musu ciwo. Na wuce kai tsaye wajen Dakta. Dama na ɗebo garin sabulu a ƙullin leda daga gida, na jiƙa, na tsoma sabuwar saiwa a ciki, ban sa Sha Ɗaya ba ko ɗigo. Na ce ta zo ta duba.

Ta daɗe a kan madubin. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Masu garin sabulu suna zuba wani sinadari don farin kaya ya ƙara haske," ta ce, kamar da kanta take magana. "Yana kama auduga. Katangar ƙwayar tsiro kuma dangin auduga ce. Ya Salam. Ni ya kamata in gani." Sai ta juyo. "Wa ya sa sabulu a kwalabena?"

"Ni ce."

"Ke? Ke da na faɗa wa sau nawa?"

"Ni ce, Dakta. Sun faɗi a ƙasa na wanke."

Ban ambaci Inna ba. Na san garinmu. Da an ji, har ta mutu sunanta matar da ta wanke arzikin gida shida.

Ta ce in ajiye farar rigar aikin in tafi. Ban yi musu ba, na cancanta. Na ce abu ɗaya nake roƙo: ta shiga motarta, minti goma ne, ta tsaya a bakin hanya gaban dillalai ta ce kuskure ne.

"Ni ban taɓa cewa akwai guba ba, Hindatu. Ban fitar da sakamako ba. Ba zan je in janye abin da ban faɗa ba. Sai na sake gwaji da sababbin kwalabe, in tabbatar."

"Kwana nawa?"

"Saiwa tana buƙatar kwana huɗu."

"Dakta, tumatir ba shi da kwana huɗu! Daga gidan nan maganar ta fita. Ga wanda ya fitar da ita nan a zaune yana shan shayi!"

Malam Nasiru ya ce shi fa bai ambaci guba ba, cewa kawai ya yi ba zai ci ba, kuma mutum yana da ikon abin da zai sa a bakinsa. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta miki ba. Na ce wa Dakta ta iya lallaɓa ƙwayar albasa don kar ta mutu, amma mutum shida da iyalansu ba su kai ta tada mota ba. Ta ce in fita. Na fita.

Zan yi mata adalci ko da ba na so. Ta sake gwajin, da kanta ta ɗebi ruwan. Ya nuna reshenmu bai fi na kowa ba, bai kuma gaza na kowa ba. Ban ce ruwan kanal zamzam ne ba, kowa yana feshi, kuma aikin da take yi aiki ne da ake buƙata. Amma abin da ta aiko da shi ran Talata takarda ce, da Turanci, da hatimi, a hannun ɗan acaɓa. Ita ba ta zo ba. Na kai wa Alhaji Ɗanlami na fassara masa layi-layi. Ya saurara har ƙarshe yana sakace.

"To madalla, 'yan mata. Allah ya kiyaye gaba. Amma kayan ai sun wuce lodi."

Sun wuce. Tsinka ta uku ma ta nuna a jikin shuka ta fara zubewa, don ba wanda ya yi ƙarfin halin biyan masu tsinka. Abin da ya rage shi ne kauɗa. Aka kwaso abin da bai ruɓe ba aka zube a tsakar gida da bayan gida, muka zauna da wuƙaƙe muna tsagawa biyu muna shanyawa a kan buhuna. Kwando guda in ya bushe ba ya cika kwano uku. Ruwan tumatir ya cinye mana hannu har fata ta yi fari tana saɓulewa. Maƙwabta biyar ɗin nan suka daina gaishe ni. Matar ɗaya daga cikinsu ta aiko a faɗa wa Inna wai ta ja wa 'yarta kunne, boko ba hauka ba ne.

Baba kuwa bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Daina yi mini magana ya yi. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. In yana son ruwa ina kusa da randa, sai ya kira Inna daga ɗaki. Na faɗa masa ni na wanke kwalaben, ya ci gaba da yankansa. Mutumin da ya sayar da akuya ya biya mini kuɗin jarrabawa, mutane suna yi masa dariya. Na fi son ya dake ni.

Kwana na tara muna yanka, da hantsi, mu uku a tsakar gida. Wuƙata ta dakushe, na miƙa hannu zan ɗauki dutsen wasa da ke gefen ƙafarsa, ya janye ƙafar kamar wuta ce ta matso. Inna ta ajiye wuƙarta a cikin roba.

"Malam."

Bai ɗago ba.

"Malam, da kai nake. Ka daina yi wa yarinyar nan haka. Ni na wanke kwalaben."

"Inna, ki yi shiru," na ce.

"Ke ce za ki yi shiru. Kin ɗauka ban sani ba? Tun ranar da kika ɗebi sabuluna a leda kina ɓoyewa na sani." Ta juya wajensa. "Ta ajiye, na ga sun yi dishi-dishi, na wanke. Ta yi mini faɗa ma, na ce ta rage murya. In fushi za ka yi, ga ni. In kuma faɗa wa gari za a yi, ni zan sa mayafi in bi gida biyar ɗin nan in faɗa da bakina."

"Ba inda za ki," na ce. "Ni na san doka. Ni na kai su a haka, ni na yi shiru kwana biyu."

Baba ya kalli tumatirin da ke hannunsa. Ya tsaga shi, ya ajiye a buhu.

"Ba wanda zai bi gidan kowa," ya ce. "An riga an zagi mutum ɗaya, ya isa." Sai ya tura mini dutsen da ƙafarsa. "Hindatu, in kin wasa, ki je ki juya na bayan gida kar su yi baƙi."

Maganar da ya fara yi mini ke nan, kuma ba mu sake tayar da zancen ba, har yau. Shi ya sa gari bai sani ba, shi ya sa matar nan ta gidan suna take faɗin abin da take faɗi. Ke ma ba don ki kai waje na rubuta miki ba. Muddin Inna tana da rai, ni ce na wanke.

Kauɗar ta cika buhu bakwai, muka jibge a ɗakin Baba. Da damina ta sauka, ɗanyen tumatir ya ɓace a kasuwa, sai ga sallama a ƙofar gida. Alhaji Ɗanlami ne. Ya kwance bakin buhu, ya damƙo, ya shinshina, ya ce wannan kauɗa ta yi ja mai kyau, wa ya yanka? Ya kwashe duka bakwai ɗin. Ina tsaye a zaure ina jira in ji ya tambayi guba. Bai tambaya ba.